Likitan da ya ce ya gano sirrin duniya a ƙwayar haidurojin: shekara 30 ana jiran wutarsa

A watan Afrilun 1991 wani likita mai suna Randell Mills ya tara ƴan jarida a garin Lancaster da ke jihar Pennsylvania ta Amurka, ya shaida musu cewa masana fizik sun yi kusan shekara 70 suna fahimtar ƙwayar haidurojin a karkace. Ya ce shi ya gano inda kuskuren yake, kuma gyaran da ya yi zai ba duniya wutar lantarki mai arha daga ruwa, ba hayaƙi, ba guba irin ta nukiliya. Bai tsaya nan ba. Ya ce lissafin nasa ɗaya ya isa ya bayyana yadda sinadarai ke haɗuwa, da dalilin zafin rana, da yadda sararin samaniya ke faɗaɗa.

Yau an haura shekara 30 da wannan taro. Kamfanin da ya kafa ya sauya suna sau biyu, masu zuba jari sun ba shi fiye da dala miliyan 100, wato sama da miliyar 50 na kuɗin CFA, amma har yanzu babu gida ko masana'anta da ke sayen wuta daga injinsa. Labarin ya shafi duk wanda ya taɓa cin karo da bidiyon "wutar kyauta" a WhatsApp ko TikTok, musamman a ƙasa irin Nijar, inda ɗaukewar wuta ta ƙara tsananta bayan Najeriya ta katse layinta a watan Agustan 2023, alhali a lokacin daga can ake samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar. Wanda ya kwana cikin zafin Afrilu ba fanka yana da saurin karɓar irin wannan albishir.

Mafarkin da ya gagari Einstein

Neman ka'ida ɗaya da za ta haɗa dukkan ƙarfin da ke aiki a duniya tsohon buri ne na masana, kuma an sha cin nasara a kansa. A shekarun 1860 James Clerk Maxwell ɗan ƙasar Scotland ya nuna cewa lantarki da maganaɗisu da haske duk reshen abu ɗaya ne. A 1979 aka ba Abdus Salam ɗan Pakistan da Amurkawa biyu, Sheldon Glashow da Steven Weinberg, kyautar Nobel saboda sun haɗa ƙarfin lantarki da wani ƙarfi mai rauni da ke aiki a cikin ƙwayar atam. Ka'idarsu ta ce akwai wasu ƙwayoyi da ba a taɓa gani ba, W da Z, kuma a 1983 aka gano su a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Geneva.

Abin da ya rage shi ne ƙarfin jan nauyi, wanda ke faɗo da mangwaro ƙasa, yake riƙe da wata a kewayen duniya. Ka'idar Albert Einstein ta 1915 ta bayyana shi sosai, ka'idar kwantum kuma ta bayyana ƙananan ƙwayoyi sosai, amma lissafin biyun ya ƙi haɗuwa. Einstein da kansa ya kwashe kimanin shekara 30 na ƙarshen rayuwarsa yana neman ka'idar da za ta haɗa kome, ya rasu a 1955 bai samu ba.

Wannan giɓi ne ke jawo mutane daga wajen fagen su gwada sa'arsu. Wani injiniya a birnin Portland na Amurka, Dewey Larson, ya fitar da littafi a 1959 yana cewa motsi ne asalin kome, daga sinadarai har taurari, kuma har yau yana da ƴan mabiya. Irinsu suna da yawa. Abin da ya bambanta Mills da su shi ne ya kafa kamfani, ya ɗauki ma'aikata, ya kuma karɓi kuɗin mutane a kan alkawarin na'ura.

Matakin da ke ƙasa da na ƙarshe

Mills ya tashi a gonar iyayensa a Pennsylvania. Ya karanta ilimin sinadarai a kwalejin Franklin and Marshall, ya samu digirin likita daga jami'ar Harvard a 1986, ya kuma ɗauki darussan injiniyancin lantarki a MIT. A watan Maris na 1989 wasu masana sinadarai biyu, Martin Fleischmann da Stanley Pons, suka girgiza duniya daga jami'ar Utah da cewa sun samu makamashin nukiliya a cikin kwalbar ruwa a kan tebur. Manyan ɗakunan gwaje-gwaje suka maimaita aikin ba su ga abin da aka faɗa ba, maganar ta mutu. Mills ya ce zafin da mutanen biyu suka auna gaskiya ne, fassararsa ce suka kuskure.

Don a fahimci da'awarsa, sai an san yadda ƙwayar haidurojin take. Ita ce mafi sauƙi a cikin dukkan sinadarai: furoton ɗaya a tsakiya, elektaron ɗaya a kewaye. Tun 1913 Niels Bohr ya nuna cewa elektaron ba ya zama ko'ina da ya ga dama, yana da matakai kamar na tsani. Idan ya sauko daga mataki na sama zuwa na ƙasa sai ya fitar da haske. Akwai kuma mataki na ƙarshe da ba a wuce shi, inda ake buƙatar makamashin elektaron-volt 13.6 kafin a ɓalle elektaron ɗin daga ƙwayar. Lissafin Erwin Schrödinger na 1926 ya tabbatar da wannan, kuma a kansa aka gina ilimin sinadarai na zamani.

Mills ya ce tsanin bai ƙare a nan ba. A cewarsa akwai wasu matakai a ƙasa, na rabi, na sulusi, na rubu'i, har zuwa ɗaya bisa 137, kuma idan aka samu sinadarin da zai karɓi makamashi daidai gwargwado, wato elektaron-volt 27.2 ko ninkinsa, elektaron zai faɗa can, ƙwayar ta tsuke, ta saki zafi mai yawa. Wannan tsukakkiyar ƙwaya ya raɗa mata suna haidurino. Kamfaninsa na cewa zafin da ake samu ya ninka na ƙona haidurojin kamar sau 200. Tun da ruwa cike yake da haidurojin, ke nan kogin Kwara kaɗai ya isa ya haskaka nahiya.

Kafin lissafin ya yiwu, sai da Mills ya yi watsi da ginshiƙan ka'idar kwantum. Ya ƙi yarda da ƙa'idar Werner Heisenberg ta 1927, wadda ta ce ba a iya sanin wurin elektaron da saurinsa daidai a lokaci guda. Shi a wurinsa elektaron wani siririn ɓawo ne mai siffar ƙwallo da ya lulluɓe furoton, kamar kumfar sabulu, kuma dokokin Newton da na Maxwell sun isa su bayyana shi. Ya tattara wannan duka a littafi mai juzu'i uku da shafuka fiye da dubu, The Grand Unified Theory of Classical Physics, wanda yake rabawa kyauta a intanet.

Daga kwalbar gwaji zuwa taurari

A fannin sinadarai Mills ya ce ka'idarsa tana ba da tsawon haɗin da ke tsakanin ƙwayoyi da ƙarfinsa ta lissafi mai sauƙi da ɗalibi zai iya yi a takarda, alhali hanyar kwantum tana buƙatar manyan kwamfutoci. Ya kafa wani reshe mai suna Millsian da ke da manhajar zana sinadarai a kan wannan lissafi. Masu goyon bayansa suna nuna jadawalai inda alƙalumansa suka zo kusa da abin da aka auna. Sai dai kamfanonin magani da jami'o'i sun ci gaba da amfani da hanyoyin kwantum, waɗanda suka sa aka ba Walter Kohn da John Pople kyautar Nobel ta sinadarai a 1998.

A fannin taurari ne da'awar ta fi girma. Tun 1933 Fritz Zwicky ya lura cewa gungun taurari suna gudu fiye da yadda nauyin abin da ake gani zai iya riƙe su, kuma a shekarun 1970 Vera Rubin ta ƙarfafa wannan da awon da ta yi. Masana sun yarda akwai wani ɓoyayyen abu mai nauyi da ba ya fitar da haske, wanda ya ninka duk abin da ake gani kamar sau biyar. Har yau ba a san ko mene ne ba. Mills ya ce haidurino ne.

Haka kuma akwai tambayar rawanin rana, wato siraren iskar da ke kewaye da ita, wadda ake gani lokacin husufi. Fuskar rana zafinta kimanin digiri 5,500 ne, amma rawanin ya haura digiri miliyan ɗaya, kamar a ce hayaƙin murhu ya fi garwashin zafi. Yawancin masana suna danganta wannan da maganaɗisun rana, kuma hukumar NASA ta harba kumbon Parker a 2018 don ya je kusa ya auna. Mills ya ce abin da ake gani a can hasken samuwar haidurino ne. Ya kuma ƙi yarda da ka'idar babbar fashewa, wadda ta ce sararin samaniya ya fara faɗaɗa shekara miliyar 13.8 da suka wuce. A ganinsa sararin yana faɗaɗa ne yana tsukewa, zagaye bayan zagaye, kuma yana iƙirarin ya hango cewa faɗaɗar tana ƙara sauri tun kafin masana taurari su sanar da haka a 1998.

Abin da masana suka samu da suka duba

Ba a yi watsi da maganar ba tare da an karanta ba. A 2005 Andreas Rathke, mai bincike a hukumar sararin samaniya ta Turai, ya bi lissafin Mills daki-daki a mujallar New Journal of Physics. Ya samu cewa lissafin yana karo da kansa, bai dace da ka'idar Einstein ba, kuma ko matakan haidurino da ake magana ba su fitowa daga cikinsa. Mills ya mayar da martani cewa Rathke ne ya yi kuskure. A 2006 Norman Dombey na jami'ar Sussex a Birtaniya ya duba ko ka'idar kwantum da kanta za ta iya barin irin waɗannan matakai, ya kammala cewa ba su da gurbi a zahiri. A 2008 Hans-Joachim Kunze na jami'ar Bochum a Jamus, ƙwararre a awon haske, ya ce layukan hasken da aka buga a matsayin shaidar haidurino ba za su ganu ba da irin na'urar da aka yi aikin da ita, don haka mai yiwuwa tangarɗar na'ura ce.

Hujja mafi nauyi ita ce haidurojin na cikin abubuwan da ɗan Adam ya fi aunawa da kyau. A cibiyar Max Planck da ke Garching a Jamus, tawagar Theodor Hänsch ta auna tazarar da ke tsakanin matakinsa na farko da na biyu da daidaiton da ya kai wajen lamba 14, kuma ka'idar kwantum ce ke fassara sakamakon. Ƙarfin maganaɗisun elektaron ma an auna shi, ya dace da lissafin kwantum zuwa kusan kashi ɗaya cikin miliyan sau miliyan. Duk wanda zai kawar da wannan ka'ida dole ya kawo wadda ta kai ta daidai a waɗannan awo, sannan ta wuce ta.

A sama ma akwai cikas. Haidurino, in ma akwai shi, yana ɗauke da furoton, ke nan shi ma cikin abubuwan yau da kullum yake. To amma awon tsohon hasken da ya cika sararin samaniya, wanda Arno Penzias da Robert Wilson suka sanar da ganowa a 1965, da kuma yawan sinadarin diyuteriyum da aka auna, duk sun nuna abin da aka gina da furoton bai wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ke sararin ba, ɓoyayyen abun kuma kusan kashi 27 ne. Hanyoyi biyu ne daban suka ba da amsa ɗaya. Wanda ya ce ba a yi babbar fashewa ba, aikinsa ne ya bayyana daga ina wannan haske mai zafin digiri 2.7 a ma'aunin Kelvin ya fito, da dalilin da ya sa kusan rubu'in nauyin abin da ake gani a sararin samaniya sinadarin hiliyum ne.

Magoya bayan Mills suna da nasu takardun. A 2002 wata cibiyar NASA ta ba injiniya Anthony Marchese na jami'ar Rowan kuɗi kaɗan ya gwada ko za a yi injin roka da dabarar, sakamakon bai yanke hukunci ba. A 2011 mujallar European Physical Journal D ta buga aikin Mills, amma editocinta suka haɗa da bayanin da ke nuna masu tantancewa sun yi saɓani a kai. A 2022 Wilfred Hagen na jami'ar Delft a Holan ya buga takarda tare da Mills yana cewa ya ga alamar haidurino a wani samfuri. A yawancin irin waɗannan ayyuka, Mills yana cikin marubuta, ko samfurin daga kamfaninsa ya fito, ko kamfanin ne ya ɗauki nauyi.

Alkawari bayan alkawari

Kamfanin ya fara da sunan HydroCatalysis, ya koma BlackLight Power a 1996, sannan Brilliant Light Power a 2015, kuma a baya ya daɗe yana da mazauni a Cranbury ta jihar New Jersey. Cikin waɗanda suka zuba kuɗi tun farko har da kamfanonin lantarki na Amurka, PacifiCorp da Conectiv. A ƙarshen 1999 Mills ya shaida wa jaridar Village Voice cewa kafin shekarar 2000 ta ƙare zai nuna wa duniya sabuwar hanyar samar da makamashi. A lokacin ne Steven Chu, wanda ya ci kyautar Nobel a 1997 kuma daga baya ya zama ministan makamashi na Amurka, ya ce da wuya ƙwarai abin ya zama gaskiya, kuma yana tausaya wa masu sa kuɗinsu.

A watan Fabrairun 2000 ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka ya ba kamfanin takardar mallaka ɗaya. Da surutu ya tashi, ofishin ya janye wata takardar da ke gab da fita. Kamfanin ya kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta ba ofishin gaskiya a 2002. A 2008 ofishin Birtaniya ma ya ƙi wasu buƙatun nasa. A wannan shekarar kamfanin ya sanar da na'ura mai ƙarfin kilowat 50, ya ce cikin wata 12 zuwa 18 za a ga tashar gwaji. A farkon 2009, lokacin da jarin da aka tara ya kai kimanin dala miliyan 60, mujallar injiniyoyi ta IEEE Spectrum ta sa aikin cikin jerin waɗanda take ganin ba za su kai labari ba. A 2014 aka fito da sabuwar na'ura mai suna SunCell, mai fitar da haske mai kashe ido, aka yi ta nuna ta a bidiyo da tarukan baƙi, aka sake ba da wa'adi. Wa'adin ya wuce.

Tsarin SunCell da aka tallata ya tanadi a mayar da hasken lantarki ta hanyar faifan sola. Faifan sola kuwa, irin wanda ke kan rufin shaguna a Maraɗi da Damagaram da tashar Gorou Banda mai megawat 30 a kusa da Yamai, injiniyoyi sun tsara shi ne da lissafin kwantum ɗin da Mills ya ce kuskure ne. Haka ƙwaƙwalwar wayar hannu, da ƙwan LED, da na'urar MRI ta asibiti.

Yadda rana ta taɓa raba gardama

Masu kare Mills sukan ce ai an yi wa manyan masu ƙirƙira dariya kafin a yarda da su. Tarihin binciken rana yana da misalai biyu da suka dace da wannan gardama. A 1868 masu kallon husufi suka ga wani layin haske ruwan ɗorawa da bai dace da kowane sinadari da aka sani ba. Norman Lockyer ɗan Ingila ya ce sabon sinadari ne, aka kira shi hiliyum, mutane da yawa suka yi shakka. A 1895 William Ramsay ya fitar da shi daga wani dutse mai yuraniyum, ya aika wa wasu masana suka auna da nasu kayan, suka ga layin nan dai. Gani ya kori ji.

A 1869 aka ga wani layin kore a rawanin rana, shi ma aka ce sabon sinadari ne, har aka ba shi suna koroniyum. An yi kusan shekara 70 ana nemansa ba a samu ba. Wajen 1940 Bengt Edlén ɗan Sweden ya nuna cewa ƙarfe ne kawai, wanda tsananin zafi ya ɓalle masa elektaron 13. Ita ma ka'idar Einstein ta 1915 ta faɗi adadin lanƙwasar da hasken tauraro zai yi idan ya ratsa kusa da rana, kuma waɗanda suka je aunawa ranar 29 ga Mayun 1919, a tsibirin Principe na gaɓar Afirka ta Yamma da garin Sobral na Brazil, masana ne na Birtaniya da ba su ci a hannunsa.

Wannan ne ma'aunin da masu sukar Mills ke nema a yi masa da shi, kuma shi ne ma'aunin da ya dace da kowane bidiyon janareta mai aiki da ruwa da aka turo wa ɗan ci-rani a Aljeriya ko Faransa ana neman ya sa hannun jari. Wa ya auna abin ban da mai shi? An bar injin ya yi kwanaki yana aiki bayan an cire shi daga layin wuta? Wa'adin da aka bayar a baya ya cika? Shin ka'idar ta faɗi wani adadi tun kafin a auna, wanda da ya saɓa za a ce ta faɗi?

Mills, wanda aka haifa a 1957, yana nan yana aiki, kamfaninsa kuma yana ci gaba da fitar da bidiyo da rahotanni ga masu hannun jari. Masana fizik a nasu ɓangaren ba su ce sun gama ba: ba su san ko mene ne ɓoyayyen abun ba, ba su haɗa jan nauyi da kwantum ba, kuma zafin rawanin rana bai gama warwaruwa ba. Abin da suke jira daga kamfanin bai sauya ba tun 1991, wato kwalbar haidurino da wani ɗakin gwaji mai zaman kansa zai haɗa da hannunsa ya auna, ko injin da zai kunna ƙwan lantarki na tsawon wata guda a hannun wanda ba ya karɓar albashi a wurin.